Yadda jinya ta tashi daga aikin da ake rainawa ta zama sana'ar da ƙasashe ke rububi

A watan Fabrairun 2024 ma'aikatan jinya suka yi cincirindo ɗauke da kwalaye a ofishin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da ke Abuja, wasu kuma suka yi nasu a Legas. Takarda guda ce ta fito da su: shaidar da majalisar ke aika wa wata ƙasa don tabbatar mata cewa wane ko wance nas ce mai rajista. Majalisar ta fito da sabuwar ƙa'ida cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan ya samu lasisi kafin a ba shi wannan shaida.

Magatakardan majalisar a lokacin, Faruk Abubakar, ya kare matakin da cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku.

Da likitan Landan na shekarun 1850 zai ji cewa wata rana gwamnatoci za su riƙa ja-in-ja a kan masu jinya, da dariya zai yi. A zamaninsa mai jinya a asibiti ba ta fi 'yar aikin gida daraja ba, kuma babu wata takarda da ake nema daga wurinta. Tsakanin wancan zamani da wannan akwai yaƙi, da ƙididdiga, da makaranta, da kuma rigimar da ta ci shekara talatin a kan littafin rajista.

Kafin a kira ta sana'a

Jinya ta girmi asibiti. Kalmar kanta a Hausa tana ɗaukar mutum biyu: wanda ke kwance yana jinya, wadda ke zaune a gefensa ita ma tana jinya. Har gobe a asibitocin Arewa akwai tabarma a gefen gado, inda uwa ko ƙanwa ke kwana. Haka abin yake a ko'ina tun fil'azal, aiki ne na dangi, kuma galibi na mata.

Addini ne ya fara fitar da shi daga cikin gida. Littattafan Sira sun ambaci Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da waɗanda suka ji rauni da waɗanda ba su da mai duba su. Da kibiya ta sami Sa'ad bn Mu'azu a hannu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta biyar bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a kwantar da shi a tantinta don ya riƙa duba shi daga kusa.

A Turai kuwa mata masu zaman zuhudu na coci ne suka riƙe asibitoci ƙarni bayan ƙarni. A 1633 Vincent de Paul da Louise de Marillac suka kafa wata ƙungiya a birnin Paris wadda ta ɗebi 'yan matan ƙauye, ta koya musu kula da marasa lafiya, ta tura su gidajen talakawa maimakon ta kulle su a gidan ibada.

Ingila ce ta bambanta. Bayan Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu a shekarun 1530, aikin ya koma hannun duk wadda ta rasa abin yi. Zuwa farkon ƙarni na 19, masu jinya a asibitocin Landan galibi zawarawa ne da tsofaffin 'yan aiki, da yawansu ba su iya karatu ba. Su ne masu shara, su ne masu kwashe fo, kuma giya na cikin abin da ake ba su a matsayin haƙƙin aiki. Asibitin kansa wurin matalauta ne. Mai hali a gida yake jinya. Marubucin nan Charles Dickens ya zana irin wannan mata a wani littafinsa na 1844, ya sa mata suna Sarah Gamp, mashayiya mai sakaci, sunan kuma ya bi masu sana'ar shekaru da dama. Akwai rashin adalci a hoton, domin a cikinsu akwai waɗanda suka ƙware ta hanyar daɗewa a kan aiki. Amma abin da jama'a suka ɗauka ke nan.

'Yar masu kuɗi da ta ƙi zama

Cikin irin wannan yanayi ne Florence Nightingale ta ce wa iyayenta tana so ta koyi jinya.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na Italiya, inda iyayenta suka je yawon buɗe ido, daga nan ta samo sunan. Mahaifinta attajiri ne, shi ya koyar da ita harsuna da tarihi da falsafa, ita kuma ta nace sai da aka bar ta ta karanci lissafi. Tana 'yar shekara 16 ta ce ta ji kiran Ubangiji zuwa ga hidima. A 1845 ta nemi a bar ta ta yi wata uku a wani asibiti da ke Salisbury, gidan ya ɗauki zafi. Mahaifiyarta da yayarta suna ganin abin kunya ne da zai zubar da mutuncin dangi.

Ta ƙi auren da aka kawo mata, ta riƙa karanta rahotannin asibitoci a ɓoye. Sai a 1851, tana da shekara 31, ta samu ta tafi koyon jinya a Kaiserswerth a Jamus, inda wani fasto, Theodor Fliedner, ya buɗe cibiyar horar da mata masu hidimar coci tun 1836. Kimanin wata uku ta yi. Wannan shi ne kusan duk horon da matar da ake kira uwar jinyar zamani ta taɓa samu. A 1853 ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a Landan, mahaifinta kuma ya yanka mata fam 500 a shekara, kuɗin da ya ba ta 'yancin kanta.

Barikin Scutari

A 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna mara wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya baya a kan Rasha. Wakilan jaridar The Times suka riƙa aiko da labarin sojojin Birtaniya da ke mutuwa babu mai ba su ko ruwa, alhali Faransawa na da matan coci da ke kula da nasu. Mutane suka harzuƙa. Sakataren harkokin yaƙi Sidney Herbert, wanda abokin Nightingale ne, ya roƙe ta ta jagoranci tawaga.

Ta tashi da mata 38, suka isa Scutari, wata unguwa a tsallaken ruwan Santambul, a farkon Nuwamba. Asibitin tsohon barikin soja ne da aka gina a kan magudanan ƙazanta da suka toshe. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, majinyata kwance a ƙasa layi-layi cikin kayan da suka yi yaƙi da su.

Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Nightingale ta hana matanta taɓa kowa sai likita ya nema, suka zauna suna ɗinkin katifu da bandeji. Ba a daɗe ba jiragen ruwa suka fara sauke ɗaruruwan waɗanda suka ji rauni a gumurzun Inkerman, dole ta sa likitocin suka sauko.

Yawancin aikin da ta yi a wurin na tsari ne. Da kuɗin da masu karanta The Times suka tara ta sayi burushin wanke daɓe, da riguna, da cokula, da sabulu. Ta kama gida ta mayar da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aiki. Ta gyara madafa. Da dare kuma takan zaga ɗakunan da fitila a hannu, abin da ya ba ta laƙabin da duniya ta san ta da shi, mai fitila.

Sai dai akwai ɓangaren da labaran makaranta kan tsallake. Mace-mace ba su ragu da zuwanta ba, ƙaruwa suka yi. Sojoji fiye da 4,000 suka mutu a Scutari a hunturun farko, kuma waɗanda kwalara da taifot da atuni da zazzaɓin ƙwarƙwata suka kashe sun ninka waɗanda rauni ya kashe kusan sau goma. A Fabrairun 1855, cikin kowane majinyaci 100 kimanin 42 ne ba sa tashi.

A watan Maris gwamnati ta turo kwamitin tsafta, ƙarƙashin likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka yashe magudanan, suka buɗe hanyoyin iska, suka ciro mushen doki daga hanyar da ruwan shan asibitin ke bi. Zuwa watan Yuni mace-macen sun sauko zuwa kimanin 2 cikin 100.

A wannan yaƙin ne kuma Mary Seacole ta yi suna. 'Yar Jamaika ce, mahaifinta sojan Sikotlan, mahaifiyarta mai maganin gargajiya, kuma ta yi jinyar masu kwalara a Jamaika da Panama. Ta je Landan ta nemi a tura ta, aka ƙi, ita kuma ta yi zargin launin fatarta ne sanadi. Ta biya kuɗin jirgi da kanta, ta buɗe wurin sayar da abinci da kayayyaki kusa da Balaklava, tana kuma kai wa sojoji ɗauki har bakin daga. Ta dawo a tsiyace, aka manta da ita kusan ƙarni guda bayan mutuwarta a 1881.

Alƙaluma sun fi fitila aiki

Nightingale ta koma gida a 1856 da ciwon da ta kwaso a Kirimiya, wanda ya kwantar da ita shekaru masu yawa. Ta guje wa bukukuwan tarba. Ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suna bin alƙaluman mace-macen soja ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka gano bai yi mata daɗi ba: ƙazantar asibiti, har da nata, ta fi harsashin Rasha kisa.

Don 'yan majalisa da ba sa karanta dogon rahoto, ta zana alƙaluman a da'ira, kowane wata da yankinsa. Shuɗi na cututtukan da za a iya kauce musu, ja na rauni, baƙi na sauran dalilai. Shuɗin ya cinye takardar. A 1858 ta zama mace ta farko da aka ɗauka a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan.

Abin lura shi ne a lokacin ba a yarda da batun ƙwayoyin cuta ba tukuna. Ita ma ta ɗauka gurɓatacciyar iska da wari ne ke haifar da ciwo. Dalilin kuskure ne, amma maganin da ya biyo bayansa daidai ne: ruwa mai tsafta, iska, haske, wanke hannu, tazara tsakanin gadaje. A kan waɗannan ta gina ɗan littafinta na 1859, Notes on Nursing, wanda ta rubuta wa matan gida. A ciki ta dage cewa babban abin da mai jinya za ta koya shi ne lura: me ya canza a jikin majinyaci tun jiya, ya ci ko bai ci ba, kuma yaya za ta faɗa wa likita gaskiyar abin da ta gani ba abin da take zato ba.

Makarantar St Thomas

Jama'a sun tara mata gudunmawa ta kusan fam 45,000 tun tana bakin daga. Da wannan kuɗi aka buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, da ɗalibai 15, ƙarƙashin shugabar ma'aikatan jinyar asibitin, Sarah Wardroper. Horon shekara ɗaya ne. Ana ba ɗalibai masauki da kayan aiki da ɗan alawus, ana kuma rubuta rahoto a kan kowacce duk wata, daga iya ɗaure rauni har zuwa gaskiya da kiyaye lokaci da rashin shan giya.

Abubuwa biyu ne sababbi. Makarantar ba ta wata ɗariƙar addini ba ce, don haka mace na iya koyon aikin ta ci abinci da shi ba tare da ta yi alwashin zuhudu ba. Na biyu kuma, ɗauka da horo da ladabtar da masu jinya sun koma hannun shugabarsu mace, likita ya tsaya a kan umarnin magani.

Ba kowa ya so ba. Wani babban likitan tiyata na asibitin, John Flint South, ya riga ya rubuta cewa masu jinya tamkar 'yan aikin gida suke, ba sa buƙatar wani dogon koyarwa. Kuma gaskiya shekarun farko na makarantar ba su kai yadda ake yabon su ba: wahala ta fi darasi yawa, ɗalibai da dama sun gudu ko an kore su.

Amma waɗanda suka tsaya an tura su su shugabanci wasu asibitoci su kafa irin tsarin. Agnes Jones ta tafi Liverpool a 1865 da ma'aikata 12 don gyara sashen marasa lafiya na gidan gajiyayyu mai majinyata fiye da dubu. Zazzaɓin ƙwarƙwata ya kashe ta a 1868 tana da shekara 35. A shekarar ce Lucy Osburn ta isa Sydney a Ostireliya. A 1873 aka buɗe makarantu uku a Amurka a kan wannan tsari, ciki har da ta asibitin Bellevue a New York. A 1879 Mary Eliza Mahoney ta zama baƙar fata ta farko da ta kammala horon jinya a ƙasar.

Rigimar rajista

Makarantu sun yawaita, sai wata matsalar ta ɓullo. Wani asibiti na horarwa shekara uku, wani wata shida, wani kuma aikin banza kawai yake ci da sunan horo. Duk macen da ta ɗinka farar riga da hula tana iya kiran kanta nas, iyalin majinyaci ba su da hanyar bambancewa.

Ethel Bedford Fenwick, wadda ta shugabanci ma'aikatan jinyar asibitin St Bartholomew tana da shekara 24, ta ce mafita ita ce a yi yadda aka yi wa likitoci tun 1858: horo iri ɗaya na shekara uku, jarrabawa, da rajistar gwamnati wadda za a iya soke sunan mutum daga ciki. Ta kafa ƙungiya a kan haka a 1887.

Babbar mai adawa da ita Nightingale ce da kanta. Hujjarta ita ce jarrabawa ba ta auna hali, kuma takardar da aka ba mace yau ba ta faɗin yadda za ta kasance bayan shekara goma. Akwai gaskiya a maganar, kamar yadda duk wanda ya taɓa kwana a asibiti zai shaida. Amma masu asibitoci da ke cin moriyar ɗalibai masu arha su ma sun laɓe a bayanta, kuma tarihi ya bi ra'ayin Fenwick.

A Afirka aka fara. A 1891 majalisar yankin Cape, a Afirka ta Kudu ta yau, ta saka rajistar masu jinya a dokar likitanci, bayan fafutukar Sista Henrietta Stockdale ta Kimberley. A ƙarƙashin wannan doka ce Cecilia Makiwane ta zama baƙar fata ta farko da ta samu rajista a can, a Janairun 1908. New Zealand ta yi doka ta musamman a 1901. Birtaniya kuwa sai Disambar 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika asibitoci da 'yan sa-kai masu horon makonni, abin da ya tsorata ƙwararru. Fenwick ce lamba ɗaya a littafin. Nightingale ba ta ga ranar ba, ta mutu a 1910 tana da shekara 90. Ranar haihuwarta ce Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wadda Fenwick ɗin ta jagoranci kafawa a 1899, ta ware a matsayin ranar ma'aikatan jinya.

Yadda ta iso Najeriya

Mishan da gwamnatin mulkin mallaka ne suka kawo tsarin. Asibitin Sacred Heart na Abeokuta ya fara aiki a 1895, daga baya aka samu irin su Wusasa a Zariya, da Vom a Filato, da Garkida a Adamawa. Sistoci Turawa ne ke sama, 'yan ƙasa suna koyo a bakin gado. A Arewa, inda karatun boko na mata ya yi jinkiri, maza ne suka fara shiga aikin, su ne malaman asibiti da mutanen karkara suka sani. Haihuwa kuwa ta daɗe a hannun ungozomar gargajiya.

An kafa hukumar ungozoma a 1930, majalisar jinya a 1947, sannan aka haɗe su a 1979 suka zama majalisar da ake da ita yanzu. Makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan ta buɗe a 1952, Jami'ar Ibadan kuma ta fara digiri a fannin a 1965.

Labarin Kofoworola Abeni Pratt ya yi kama da na Nightingale a wuri guda: ita ma mahaifinta ya ƙi, yana ganin aikin bai dace da 'yar gidan mutunci ta Legas ba. Ta yi koyarwa tukuna. A 1946 ta shiga makarantar Nightingale ɗin nan ta St Thomas, ta samu rajista, kuma ana lissafa ta a matsayin baƙar fata ta farko da ta yi aikin jinya a hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS. Ta dawo gida a 1954, ta tarar muƙamin sista mai kula da ɗaki a Ibadan na Turawa ne, duk da takardunta iri ɗaya ne da nasu. Ta jure. A 1964 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinyar asibitin, daga bisani ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa, sannan kwamishinar lafiya ta Jihar Legas a 1973.

Aikin da Pratt da tsararrakinta suka sa a gaba shi ne horon Najeriya ya kai matsayin da za a karɓe shi a ko'ina. Sun yi nasara, kuma nasarar ce ta buɗe ƙofar da ake kuka da ita yau. Nas ɗin da ta yi karatu a Kano ko Maiduguri ko Sakkwato, da Turanci, a kan manhajar da ta samo asali daga Landan, tana riƙe da takardar da Birtaniya da Kanada da Saudiyya ke ganewa. A gida kuma albashi bai kai ba, nas ɗaya na iya kwana da ɗaki cike da majinyata, wani lokaci da fitilar waya.

A shekarun baya-bayan nan Najeriya na cikin ƙasashe uku, tare da Indiya da Filifin, da suka fi tura sababbin sunaye rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a daina zuwa ɗibar su. Jerin ya nemi kamfanonin ɗaukar ma'aikata su daina zuwa farauta, amma bai hana nas ta buɗe wayarta ta cike takardar neman aiki da kanta ba.